Ni Takarda Na Daka

Duk baƙon da ya shigo Hong Kong ya faɗo hannuna, hanya ɗaya nake bi da shi. In haye da shi kan dutse ya leƙo benaye a cunkushe kamar tsinken sakace a gwangwani, in sauko da shi in zuba shi a jirgin fito ya ƙetare ruwa yana dafe da ciki, in ɗora shi a ding-ding, taragon nan da kunkuru ke wucewa yana yi masa sannu. Idan na ga ƙafarsa ta fara kuka sai in ce masa, duk wannan share fage ne, taho in nuna maka taubashiyata.

Sunanta Yip Sau-kuen, 'yar ƙanwar ubana ce. Da yake ta girme ni, Biu-je nake ce mata, wato Yaya. Ita kuwa Giɓi take kirana, alhali sunana Bing-yiu, kuma ita ce ta yi giɓin da hannunta. Tana zama ƙarƙashin Gadar Wuyan Dinya, gindin ginshiƙi na tsakiya, a kan wata 'yar kujerar roba da ta fi ni sanin wahala. Sana'arta duka. Mutum ya zo da sunan wanda ya hana shi barci, a rubuta a jikin ɗan mutum-mutumin takarda, a ɗora a kan bulo, ita kuma ta ɗauki takalmi ta yi ta kirɓa har takardar ta zama gari. Ƙaramin mutum muke ce wa takardar, ko da mai sunan ya kai girman firji.

A cikin kwalekwale aka haife ta, a mafakar jiragen Tung Lo Wan, ana tsakiyar guguwa. Goggo, uwarta, ta rantse mini cewa jaririyar ba kuka ta fara yi ba, ungozoma ta fara kai wa naushi. Guguwar ma da ta leƙo ta ga abin da aka haifa sai ta juya ta nufi Makau.

Da aka kai ta makaranta a tudu, 'ya'yan masu gidaje suka ga yatsun ƙafarta a barbaje irin na 'yan ruwa, wani yaro ya yi mata kukan agwagwa. Ta yi kansa. Ta kama kunnensa da haƙori, sai da malamai biyu da mai shara suka ɓamɓare ta, kuma ba duka kunnen aka mayar wa yaron ba. Ranar ta gama karatu. Ni na ɗan fi ta jimawa, amma ba da yawa ba. Da labarin ya zo gida na tambaye ta a gaban mutane, agwagwa tana cin kunne ne? Ban ga tahowar hannun ba. Na dai ga haƙorina yana iyo a cikin kwanon shinkafa.

Ta girma tana tuƙa baƙi. A wancan zamanin duk Baturen da ya sauka daga jirgin ruwa sai ya zo mafaka an zaga da shi a kwalekwale, ya ci ƙaguwa mai yaji yana hawaye. Mata suna jere a matakalar bakin ruwa, kowace na kiran fasinja, kuma kullum sai an fasa wa wata baki. Biu-je ba ta kiran kowa. Wanda ta kalla shi ne nata, ko ya so ko bai so ba. Akwai wani ɗan kamasho a matakalar, Fok Kau, mai raba fasinja yadda ransa ya so. Wata rana ya janye baƙi daga jirgin Goggo, da ta yi magana ya sa tafin hannu a ƙirjinta ya tura ta ruwa, tsakanin jirgi da dutse. Haƙarƙarinta ya karye. Biu-je ta tsamo uwarta, ta kwantar da ita, ta rufa mata zane. Sannan ta zare filafili ta hau matakala.

A nan ba zan ƙara gishiri ba, don abin ba ya bukata. Bugu ɗaya ta yi masa a gefen fuska, idonsa na hagu ya fashe, jini ya bi matakalar har cikin ruwa. Mutumin ya yi ta birgima yana kiran uwarsa. Ita kuwa ta zauna a gefensa da filafilin a cinya har 'yan sanda suka zo.

Shekarun da ta yi a gidan yari sun cinye mata komai. Ta fito ta tarar Goggo ta rasu, an sayar da jirgin, inda suke ɗaure shi ma an cike da ƙasa an yi titi. Ta gwada tura keken abinci a gidan shayi, aikin ya ƙare da butar shayi a kan manaja. Ta gwada wanke-wanke, ta gwada shara. Ko'ina sai wani ya faɗi wata magana, sai hannun ya tashi. Mijin da ta aura, mutumin kirki mai gyaran agogo, wata safiya ya ce zai sayo jarida. Ina jin har yau layi yake bi.

Mak Po ce ta tsince ta. Ita ce babbar tsofaffin ƙarƙashin gada, 'yar mitsitsiya, idonta ɗaya ya yi fari, muryarta kamar ana jan ƙusa a kan kwano. Ta ga Biu-je zaune a bakin kwata da ƙullin kayanta, ta kama hannun damanta ta jujjuya shi kamar mai taya kifi.

"Wannan hannun ba hanawa yake so ba, aiki yake so," in ji ta. "Taso."

Ta ba ta bulo, ta ba ta tsohon takalmi, ta ba ta gindin ginshiƙin da ke kusa da nata. Sannan ta tara sauran tsofaffin, ta gindaya sharaɗi a gabansu.

"Saurara da kyau, 'yar ruwa. Hukuma ta ƙyale mu a nan ne don takarda muke duka. Ranar da hannunki ko takalminki ya sauka a kan mai rai, ko kare ne, ki naɗe kayanki. Ba roƙo, ba biko."

"Po-po, ko shi ya fara?"

"Ko ya gama."

Biu-je ta sani, ni ma na sani, bayan gindin ginshiƙin nan babu sauran inda za a karɓe ta a garin nan, sai dai in kifaye na ɗaukar ma'aikata. Ta ɗauki takalmin.

Jama'a, ba a taɓa ganin duka irin nata ba. Sauran tsofaffin suna yin taf-taf-taf kamar masu kakkaɓe tabarma. Ita idan ta sauke takalmi, direban bas a saman gada sai ya tsaya ya duba taya. Bulo ba ya yi mata sati. Tana duka tana jero zagi da irin muryar da ake kiran jirgi daga nesa: ga na kanka don tunanin mugunta ya zube, ga na bakinka don harshe ya kumbura ya cika shi, ga na hannunka ya kasa riƙe ko cokali, ga na ƙafarka ta manta hanyar gidan mutane. Idan ta gama sai ta ɗauko wata farar damisar takarda, ta shafa mata kitsen alade a baki don ya liƙe, ta cusa mata ragowar ƙaramin mutumin, ta ƙone su tare. Mutum ya zo fuska a murtuke, ya tafi yana fito. An ce wani mai gidan haya a Mong Kok da ta daki sunansa da safe, kafin rana ta take ya faɗo daga bene mai hawa arba'in, ta matakala, bai tsallake ko hawa ɗaya ba. Ni ban gani ba, amma na faɗa wa baƙi da yawa.

Shekaru suka tura, gashinta ya yi fari, hannun bai taɓa kowa ba. Har ni na samu sake. Ina iya tsayawa nesa kaɗan in ce, "Biu-je, yau ƙafar agwagwa ake sayarwa da araha a kasuwa, na tuna da ke." Sai ta ɗago ta dube ni, ta dubi Mak Po, ta sauke fushin a kan sunan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

To, ranar farkawar ƙwari ta zo, ranar da tsawar farko ke tayar da duk wani mugun abu daga rami, kuma ranar da kowa ke zuwa dukan nasa ƙaramin mutum kafin ya miƙe. Layi ya zagaye gada har bakin kasuwa. Hayaƙin turare ya haɗu da na motoci, idanu sai ruwa. Na iso da ayarin baƙi, masu jajayen wuya da hulunan rana, na jera su gaban ginshiƙin Biu-je na ce su shirya wayoyinsu.

Wadda layi ya zo kanta wata mata ce siririya, Chui Lai-han, mai guga a wani gidan wanki. Ana wannan gumi, ita tana sanye da riga mai dogon hannu da baƙin tabarau. Da ta miƙa hannu za ta rubuta sunan, rigar ta zame, na ga shatar yatsu a damtsenta, baƙi ƙirin. Biu-je ma ta gani.

"Na wa ne?"

"Maigidana," in ji matar, da ƙyar ake jinta. "Kwong Tak-biu."

"Takalmina ya gaji. Cire naki, ya fi ci."

Matar ta cire na ƙafar dama, wani mai dunduniyar katako, ta tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Biu-je ta ɗora takardar a kan bulo, ta ɗaga takalmin. Ba ta sauke ba sai layi ya tsage biyu.

Kwong ne da kansa, mahauci a kasuwar da ke bayan gada, wata maƙwabciya mai dogon baki ta je ta tsegunta masa. Ya taho da rigar aikinsa ta roba duk jini, ƙato, wuyansa ya fi cinyata kauri, in ya tsaya a bakin ruwa jirage za su iya ɗaure igiya a jikinsa. Ya yi kan matarsa. Ya damƙi gashin Lai-han ya fizgo ta baya, ya kwaɗa mata mari, tabarau ya yi sama. Idon da ke ƙarƙashinsa a kumbure yake tun jiya. Ya ƙara mata, ta faɗi a kan kwanon toka, ya sa takalmin roba ya shure ta a ciki.

Baƙina suka yi tafi. Sun zaci cikin wasan ne. Wata ma ta matso don hoton ya fita da kyau.

Na shiga tsakani na ce, "Haba Ɗan'uwa Kwong, a bainar jama'a?" Abin da na samu faɗa ke nan. Gwiwar hannunsa ta same ni a baki, na tashi sama na ga rufin gada kusa da hancina, na dawo na zauna cikin kwandon lemo. Haƙorin da ke maƙwabtaka da giɓina ya bi ɗan'uwansa.

Daga cikin kwandon na hango Biu-je. Ta ajiye takalmin, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Ta dubi Mak Po. Tsohuwar ta kafe ta da ido ɗayan nan.

Kwong ya ja matarsa a ƙasa ta gashi, tana kama duk abin da hannunta ya samu. Ta kama ƙafar kujerar Biu-je. A nan idonsa ya faɗa kan bulo, ya ga sunansa.

"Ke tsohuwar banza! Sunana kike shirin takawa? Ba ni takardar nan!"

Biu-je ta zaro hannun dama ta dafe takardar. "An fara aiki, ba a tsayawa."

Ya ɗaga ƙafa ya sauke a kan hannun, a kan bulo, da duk nauyinsa. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar ana karya ƙafar ƙaguwa. Masu tafi suka daina. Biu-je ba ta yi ihu ba. Ta janye hannun, yatsu biyu sun karkace sun kalli inda yatsa ba ya kallo. Ta dube su kamar na wani ne.

"Ba ni, na ce!" Ya sunkuyo har numfashinsa na kaɗa wutar kyandir.

"Taka ce ai," in ji ta a hankali. "Sunanka ne a jiki. Tsaya in ba ka."

Da hannun hagu ta ɗauki takardar, ta dangwala ta cikin kwanon kitsen da ake shafa wa damisa, ta juya ta ta sha sosai. Sannan ta manna masa a tsakiyar goshi. Ta liƙe ɗaram. Kafin ya gane abin da ke faruwa, takalmin matarsa ya tashi.

"Ga na kanka!"

Dunduniyar katako ta sauka a tsakiyar takarda. Ƙarar ta kori tantabaru har daga wancan ƙetaren. Kwong ya zauna daɓas. Kitse ya sa takardar ta silalo ta tsaya a kan hanci da baki.

"Ga na bakinka!"

Jini ya tsartu har kan hular wata baƙuwa. Ya kai hannu ya yaye takardar, ta yage, rabi ya manne a bayan hannun, rabi ya faɗa kan gwiwarsa. Kuskuren da ya yi ke nan, don yanzu ƙaramin mutum ya zama biyu.

"Ga na hannunka, mai dukan mata! Ga na ƙafarka! Po-po, ki shaida, ni takarda nake duka! Ina takarda? Ga ta nan!"

Duk inda ɗan guntun takarda ya sauka, takalmi na biye da shi. Ya juya zai rarrafa, wani guntu ya manne a ƙeyarsa, ta bi shi. Wata tsohuwa daga can gefe ta ga wani ya faɗi ƙasa, ta tsince shi, ta dangwala a nata kitsen, ta manna masa a gadon baya ta koma ta zauna kamar ba ita ba. Mutanen layi suka ɗauki amshi, kowa na kiran gaɓar da yake so a taɓa. Ƙaton nan da ke raba alade biyu da sara ɗaya ya fita daga ƙarƙashin gada a kan gwiwa da hannu, fuska ba ta ganuwa, yana kuka kamar ɗan akuya, har ya ci karo da ƙafafun 'yan sanda.

Da su ba a sha wahala ba. Lai-han ta miƙe, ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta nuna musu. Baƙina kuma, Allah ya yi musu albarka, babu marin da ba su ɗauka a waya ba. Aka tafi da shi.

Wahalar tana gindin ginshiƙi. Motar asibiti ta zo, Biu-je ta ce ba inda za ta sai an yanke mata hukunci. Ta zauna a kujerarta, hannun ya kumbura ya yi kamar burodi, takalmin na cinyarta. Tsofaffi suka kewaye ta. Akwai wata Sze Gu, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan wannan ginshiƙin don nata wurin yana bakin hayaƙin bas. Ita ta fara.

"Mak Po, sharaɗi sharaɗi ne. Mai rai ta daka, kowa ya gani."

"Ni takarda na daka," in ji Biu-je. "Shi ya ce a ba shi. Inda ya ajiye kayarsa ba ruwana."

"To kunnen fa? Kunnensa na dama ya tsage har wuya. Wa ya ga takarda a kunne?"

Kowa ya juyo kan Biu-je. Na buɗe baki zan rantse cewa na ga takarda a kunnen, babba, har da rubutu, sai jini ya cika mini baki na tofar. Biu-je ta sunkuyar da kai. Ƙarya ba ta cikin halayenta, ita dai a bar ta da duka.

"Hannun hagu ne," ta ce. "Ban saba ba."

Mak Po ta gyara zama. Ta laluba aljihu ta fito da katakan tambaya, 'yan biyun nan masu siffar jinjirin wata da ake jefawa a gaban gumaka bayan kowane aiki. Ɗaya a kife ɗaya a buɗe, an yarda. Duka a kife, an ƙi. Ta ɗaga su cikin hayaƙin turare ta ce, "Yarinyar nan ta karya sharaɗi, a kore ta?" Ta sake su.

Suka yi tsalle a kan siminti, suka tsaya duka biyu a buɗe. Kowa a garin nan ya san wannan faɗuwar: ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, na sama dariya suke yi.

"Sake!" in ji Sze Gu.

Ta sake jefawa. Ɗaya ya gangara har ƙarƙashin kwandon da nake ciki, na ɗaga ƙafa, aka leƙa. A buɗe. Ɗayan ma a buɗe.

"Sake, Mak Po! Ai sai an samu amsa!"

Tsohuwar ta tsince katakanta, ta hure musu ƙura, ta mayar aljihu. "Ke kina iya yi wa manya magana suna tsakiyar dariya? Ni ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Idan sun gama na sake tambaya." Ta juya ga Biu-je. "Ke kuma tashi ki je a ɗaure miki wannan abin, kina ɗiga a kan bulona."

Yatsun ba su koma daidai ba. Yanzu da hagu take duka, kuma ta saba, bulo ya shaida. Lai-han ta tafi ranar da takalmi ɗaya a ƙafa, ba ta koma gidan mahaucin ba, tana can wajen yayarta a Tuen Mun. Ta ƙi karɓar ɗayan. Yana rataye a jikin ginshiƙi, kuma matan da ke zuwa da dogon hannun riga a lokacin zafi shi suke nunawa da baki a yi musu aiki da shi.

Mak Po tana nan, ta ƙara ƙanƙancewa, in iska ta taso sai an dafe ta. Har yau ba ta sake tambayar ba. Amma duk ranar da wani ɗan tasi ya zagi Biu-je ta fara miƙewa, sai tsohuwar ta sa hannu a aljihu, katakan su yi ƙaras-ƙaras. Sai Biu-je ta koma ta zauna.

Jiya na kai wasu baƙi, na gama ba su labarin, na ce da ita, "Biu-je, tsakaninmu dai, kunnen nan kuskure ne, ko tsohon ɗanɗano ne ya motsa?"

Ba ta ɗago ba. Ta jawo sabuwar takarda, ta jawo kwanon kitse kusa da ita.

"Giɓi, tuna mini, yaya ake rubuta sunanka?"

Na ce wa baƙi lokacin jirgin fito ya yi.